Birnin da ya ƙi sayar da gidajensa: nazari kan hukumar gidajen haya ta Viyana

Duk wanda ya taka da ƙafa a unguwannin Viyana, babban birnin Ostiriya, ba zai yi nisa ba zai ci karo da wani rubutu da jajayen haruffa a goshin manyan benaye. Da Jamusanci aka yi shi, maganar kuwa gajeriya ce: hukumar birnin Viyana ce ta gina wannan, daga shekara kaza zuwa shekara kaza. A jikin tsofaffin har an ƙara da cewa da kuɗin harajin gina gidaje aka yi aikin. Mu a nan mun fi jin sunan birnin idan ministocin man fetur sun taru a hedikwatar OPEC, inda marigayi Rilwanu Lukman da marigayi Muhammad Sanusi Barkindo suka riƙe kujerar babban sakatare. Su kuwa masu nazarin tsarin birane, waɗannan benayen ne ke kai su can.

Hukumar da ke riƙe da su sunanta Wiener Wohnen, kuma mallakar birnin ce ɗungurungum. A hannunta akwai gidajen haya kimanin 220,000 cikin rukunai wajen 1,800, masu kwana a ciki kuma sun kai mutum 500,000. Jama'ar birnin miliyan 2 ce, ke nan cikin mutum huɗu ɗaya ɗan hayar birni ne. Duk Turai babu hukumar birni mai gidajen haya da yawa kamar haka. Ban da su, akwai wasu kimanin 200,000 da ƙungiyoyin gini masu ƙayyadaddiyar riba suka gina da tallafin birnin. In aka haɗa, kusan rabin mutanen Viyana suna zaune a gidan da ba kasuwa ce ta yanka masa haya ba.

Gwamnatocin da suka gina wa talaka gida suna da yawa a duniya, wasu ma sun fi Viyana gini. A ganina abin da ya ware ta daban shi ne abin da ta yi bayan an gama bikin buɗewa kowa ya watse. Ta riƙe gidajen, ta riƙe filaye, ta ci gaba da karɓar haya tana gyaran rufi da famfo fiye da shekara ɗari, kuma lokacin da takwarorinta suka kai nasu kasuwa ita ta ƙi.

Gadon haya da famfon baranda

A 1910 Viyana ce fadar daular Ostiriya da Hungary, jama'arta sun haura miliyan 2. Mutane sun yi ta kwararowa daga ƙauyukan Bohemiya da Morabiya da Galisiya neman aikin masana'anta, masu kuɗi kuwa suka tare su da benayen haya da aka gina don a tatsi kowane taku na fili. Dokar gini ta lokacin ta yarda mai fuloti ya cinye kashi 85 cikin ɗari na filinsa da gini, haka kuwa aka yi. Daga waje bene da ado da zane kamar gidan sarauta. Ciki kuwa ɗaki ɗaya da kicin, tagar kicin ɗin ma baranda take kallo, rana ba ta shiga. Famfo ɗaya ne ga hawa guda, yana baranda, suna ce masa Bassena, nan mata ke haɗuwa a ɗebi ruwa a yi tsegumi a yi faɗa. Ƙidayar da aka yi wajen ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya ta nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙananan gidajen ma'aikata ba su da makewayi ko ruwa a ciki.

Haya ta yi tsada har iyali kan ba da hayar gado. Mai aikin dare ya kwanta da rana a shimfiɗar da wani ya tashi daga kanta da asuba, ya biya, ya fita kafin mai ita ya dawo. Tarin fuka ya samu wurin zama har likitocin Turai suka laƙaba masa suna ciwon Viyana.

A 1917, yaƙi na ci, gwamnatin sarki ta hana ƙarin haya da korar 'yan haya, don kada soja yana bakin daga a watsar masa da iyali a titi. Daular ta rushe a 1918, kuɗi ya karye warwas, hayar da aka daskarar ta koma abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan ya yi wa ɗan haya daɗi, amma ya kashe sana'ar gini: wa zai zuba kuɗinsa a bene alhali hayar ba za ta ko biya fenti ba? Marasa muhalli suka fantsama bakin gari suna sare itace suna kafa bukkoki a filin da ba nasu ba, irin abin da Bakano zai kira awon igiya. Farashin fili ya faɗi ƙasa, domin ba mai sha'awar gini. Wannan faɗuwar ita ce ƙofar da birnin ya shiga ta cikinta.

Harajin Breitner

A watan Mayun 1919 jam'iyyar ma'aikata ta 'yan gurguzu masu sassaucin ra'ayi ta lashe zaɓen majalisar birni, Jakob Reumann ya zama magajin gari. Sai dai cin zaɓe ba ya gina bene. Abin da ya ba su hannu shi ne ranar 1 ga Janairun 1922, da aka raba Viyana daga jihar da ke kewaye da ita aka mai da ta jiha mai zaman kanta. Daga ranar birnin ya samu ikon sanya harajinsa da kashe shi yadda ya ga dama. Duk mai kwatanta Viyana da wata ƙaramar hukuma da ke zaman jiran kason wata-wata, ya fara riƙe wannan a ransa.

Kansilan kuɗi shi ne Hugo Breitner, tsohon daraktan banki wanda ba ya ƙaunar bashi. Ra'ayinsa shi ne in aka ci bashi aka yi gini, kuɗin ruwa zai hau kan haya, talaka kuma shi zai biya. Don haka a 1923 aka kafa harajin gina gidaje, wanda kowane mai zama a gida ko shago ke biya gwargwadon darajar wurin. Talaka na ba da 'yan kwabbai, amma ma'aunin na hawa da sauri, har ya zama rabin kashi ɗaya cikin ɗari na wuraren da suka fi tsada su ke kawo kusan rabin kuɗin da ake tarawa. Harajin bai ishi aikin shi kaɗai ba, sai aka haɗa da wasu: a kan motar hawa, dawakin ƙawa, barorin gida, gidajen rawa da manyan wuraren cin abinci. Masu hali suka tsane shi, 'yan adawa suka yi ta jifansa da zagi, har da na asalinsa na Bayahude. A gudun hijira ya mutu, a Kalifoniya, a 1946.

Da wannan kuɗi birnin ya riƙa sayen filaye a araha har ya zama babu mai fili kamarsa. A watan Satumban 1923 majalisa ta yanke shawarar gina gidaje 25,000 cikin shekara biyar. An gama kafin wa'adi, aka ƙara wani zango, zuwa 1934 an gina fiye da 60,000.

Gidajen ba manya ba ne. Na farkon murabba'in mita 38 ne ko 48, wato abin da za mu kira ciki da falo. Amma kowanne da ruwansa da makewayinsa da gas, kowane ɗaki da tagar da ke ganin rana. Wanka da wanki kuwa a haɗe ake yi, a gidajen wanka da ɗakunan wanki na rukunin. Inda masu kuɗi ke cinye fili, birnin ya bar aƙalla rabi a buɗe, kuma ta tsakar gida ake shiga kowane bene, saboda yara su yi wasa a inda iyaye ke hango su daga taga. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin tsakar gida.

Wanda ya fi suna shi ne Karl-Marx-Hof, da Karl Ehn ya zana, aka gina daga 1927 zuwa 1930. Tsawonsa ya haura kilomita ɗaya, gidaje 1,382 ne a ciki na mutum wajen 5,000, ginin kuma bai cinye ko kashi 20 cikin ɗari na filin ba. A ciki akwai ɗakunan wanki biyu, makarantun renon yara biyu, asibitin haƙori, kantin magani, gidan waya da ɗakin karatu. An kuma dasa shi ne a gundumar Döbling, unguwar masu hannu da shuni. Wannan ɗabi'a ta zauna: gundumomin birnin 23 ne, kuma babu wadda ba ta da gidajen birni, har tsakiyar gari inda fadar sarakuna take.

Haya fa? An ɗauki kuɗin gini a matsayin abin da ya tafi ba zai dawo ba, kamar kuɗin titi ko na makaranta. A lokacin ɗan haya na biyan abin da zai riƙe gidan ne kawai, wato gyara da shara da ruwa da albashin masu kula. Rabon gidajen kuma da maki ake yi, ana duba yawan iyali da cunkoso da rashin lafiya.

A watan Fabrairun 1934 gwamnatin Engelbert Dollfuss ta murƙushe jam'iyyar ma'aikatan da ƙarfin soja, aka yi wa Karl-Marx-Hof luguden igwa, aka kama magajin gari Karl Seitz. Bayan 'yan Nazi sun haɗiye ƙasar a 1938 aka fitar da Yahudawa daga gidajen. Yaƙin duniya na biyu ya rusa gidaje kimanin 87,000 a birnin. Da aka dawo aiki a 1947, rukunin farko da bulon da aka buga daga ɓaraguzai aka gina shi, da injinan da Suwidin ta bayar, shi ya sa aka sa masa sunan firaministanta Per Albin Hansson. Zuwa 1969 an kammala gida na 100,000 bayan yaƙi. Na shekarun 1960 da 1970 dai yawancinsu akwatunan kankare ne a bakin gari, ba su da kyan na da, amma sun rufa wa mutane asiri.

Aikin kullum

Tun shekarar 2000 Wiener Wohnen ke aiki a matsayin kamfanin birni mai littafin kuɗinsa daban, amma ƙarƙashin kansilan gidaje da majalisa. Wannan kujera ta kansilan gidaje ba ƙarama ba ce a siyasar ƙasar. Werner Faymann ya riƙe ta daga 1994 zuwa 2007 kafin ya zama shugaban gwamnatin Ostiriya, Michael Ludwig ya gaje shi, daga nan ya zama magajin gari a 2018.

Mai neman gida yana yin rajista ne ya karɓi tikitin shiga layi, ya nuna dalilin buƙata, kamar cunkoso, ko nakasa, ko matashi mai son barin gidan iyaye. Babu dillali, babu la'ada, babu biyan shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Wata-wata ake biya, yarjejeniyar kuma ba ta da ranar ƙarewa, in mai gidan ya rasu matarsa ko ɗansa da ke zaune tare da shi na iya ci gaba da zama. A 2023 ma'aunin hayar sabuwar yarjejeniya Yuro 6.67 ne kan kowane murabba'in mita, ke nan gida mai murabba'in mita 50 na kamawa Yuro 330 da 'yan kai a wata, kafin a ɗora kuɗin hidima da haraji.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne iyakar samu. A 2023 mutum ɗaya mai samun har Yuro 53,340 a shekara bayan cire haraji yana da damar nema, wato kusan kashi uku cikin huɗu na jama'ar birnin sun cancanta. Kuma sau ɗaya ake duba aljihunka, ranar shiga. In daga baya ka zama likita ko ɗan majalisa, ba mai ba ka notis. Masu suka na cewa wannan rashin adalci ne, mai hali ya tare gurbin mabuƙaci, kuma maganarsu ba ta rasa tushe. Amsar birnin ita ce da gangan aka yi. In aka ce duk wanda ya samu buɗi ya tattara ya fita, wa zai rage? Sai marasa aiki da tsofaffi da marasa lafiya, sunan unguwar ya ɓaci, mai ɗaukar ma'aikata ya ga adireshi ya ture takarda. An ga haka a bayan garin Faris da manyan benayen talakawa na Amurka. Akwai kuma lissafin siyasa a ciki, wanda ni nake ganin shi ne ƙashin bayan tsarin: malamin makaranta da ɗan sanda da ma'aikacin banki suna ciki, suna jefa ƙuri'a, don haka duk ɗan siyasar da ya ce zai sayar da gidajen ya san da wa zai haɗu.

Sauran aikin ba shi da armashi a jarida. Sharar matakala, kwashe ƙanƙara a lokacin sanyi, gyaran lifta, tsara wa kowa ranar wankinsa, bin bashin haya. A da kowane bene da mai kula da shi, yana zaune a ciki, makullin ɗakin wanki na hannunsa, ya san ɗan wane ne ya fasa gilashi. A 2000 gwamnatin tarayya ta Wolfgang Schüssel ta soke dokar da ta kafa wannan aiki, aka daina ɗaukar sababbi, hukumar ta koma amfani da ayarin ma'aikata masu zagayawa. Da aka tambayi mutanen birnin a ƙuri'ar jin ra'ayi ta 2010, fiye da kashi 80 cikin ɗari suka ce a dawo musu da masu kula. A shekarar ce kuma aka kafa wohnpartner, ofishin da aikinsa shi ne sulhunta maƙwabta: ƙarar rediyo, hayaniyar yara, hayaƙin gashi a tsakar gida. Wanda ya kasa biyan haya ana fara tura masa ma'aikacin jin daɗin jama'a a nemi mafita, amma kada a ɗauka ba a kora. In tura ta kai bango ana zuwa kotu.

Shekarar da kowa ke sayarwa

Daga 1980 iska ta juya a Turai. Margaret Thatcher ta ba 'yan hayar ƙananan hukumomin Birtaniya damar sayen gidajensu da rangwame, aka sayar da sama da miliyan ɗaya ba a maye gurbinsu ba. Biranen Jamus da bashi ya yi wa katutu suka bi sahu. A 2004 Berlin ta sayar da kamfaninta na GSW mai gidaje kimanin 65,000 ga masu zuba jari na Amurka kan Yuro miliyan 405, masu sayen suka ɗauki bashin da ke kansa. A 2006 Dresden ta sayar da nata duka, wajen 48,000, ta biya bashinta kaf, aka yi ta yabonta.

A cikin Ostiriya ma an yi. A 2004 gwamnatin tarayya ta sayar da gidajenta kimanin 60,000 kan Yuro miliyan 961, cinikin da aka fi sani da BUWOG. Ministan kuɗi na lokacin, Karl-Heinz Grasser, kotu ta same shi da laifi kan wannan ciniki a 2020, a 2025 kotun ƙoli ta tabbatar, ta yanke masa shekara huɗu.

Viyana ba ta sayar ba. Ba wai iskar ba ta taɓa ta ba ne, domin a 2004 ɗin ta daina gina gidaje da hannunta, ta bar wa ƙungiyoyi masu ƙayyadaddiyar riba. Amma abin da ke hannu ya zauna a hannu. Bambancin ya fito fili bayan shekara goma sha biyar: a 2019 Berlin ta sake sayen gidaje kimanin 6,000 daga cikin waɗanda ta rabu da su, kan Yuro miliyan 920. A 2021 haya ta ishi mutanenta har mafi rinjaye suka jefa ƙuri'ar a ƙwace gidajen manyan kamfanoni.

Mai karatu a Najeriya zai tuna cewa a daidai wannan zamani ne, lokacin Obasanjo, Nasiru El-Rufa'i yana ministan Abuja, aka sayar da gidajen gwamnatin tarayya da ke birnin. Mu dama tsarinmu na gina a sayar ne, tun daga gidajen Shagari da na Jakande a Legas. Wanda ya samu ya ji daɗi, ba laifinsa ba ne. Amma gidan da aka sayar sau ɗaya yake yin araha, ga mutum ɗaya. Mai saye na biyu farashin kasuwa zai biya.

Fili kafin bulo

Da birnin ya janye daga gini da kansa, bai saki linzami ba, ya koma riƙe shi ta wajen fili. Dama tun a 1984 aka kafa asusun tanadin filaye da sabunta tsofaffin unguwanni, wanda yanzu ake kira wohnfonds_wien. Aikinsa shi ne ya sayi gonaki da tsofaffin filayen jirgin ƙasa da na masana'antu tun kafin gari ya iso su, ya ajiye. Abin da ke hannunsa ya kai murabba'in mita miliyan 3.

Tun 1995 ba a ba da babban fili sai ta hanyar gasa. Mai gini ya haɗa kai da mai zane su kawo tsari, alƙalai su auna shi ta fuskar kuɗi, da kyan zane, da kare muhalli, daga 2009 kuma aka ƙara da yadda zai haɗa kan mazauna. Wanda ya ci ya samu fili a farashi mai sauƙi da rance mai ƙaramin ruwa na dogon zango, shi kuma ya amince da iyakar haya, ya ba birnin wani kaso na gidajen ya raba wa na kan layi. Kuɗin rancen na fitowa ne daga wani ɗan haraji a kan albashi, wanda shekara da shekaru kashi 1 cikin ɗari ne, rabi daga ma'aikaci rabi daga mai ɗaukarsa, sannan abin da aka biya na tsofaffin rance ya sake komawa cikin sababbi. Dokar ƙasa kuma ta hana waɗannan ƙungiyoyi kwashe riba, dole rarar ta koma gini. Haka ake gina sabuwar unguwar Seestadt Aspern a tsohon filin jirgin sama mai hekta 240, inda ake sa ran mutum fiye da 25,000.

Da farashin fili ya fara fin ƙarfin asusun, sai majalisa ta yi amfani da alƙalaminta. A ƙarshen 2018 ta kafa doka cewa duk babban filin da aka sauya wa matsayi ya zama na gidajen zama, kashi biyu cikin uku na abin da za a gina dole ya zama mai tallafi, kuɗin filin kuma kada ya wuce Yuro 188 kan kowane murabba'in mita na ginin. Masu filaye sun yi kuka, amma hujjar birnin mai sauƙi ce: sa hannun hukuma ne ke mai da gonar kabeji ta zama zinariya, don haka jama'a na da haƙƙi a cikin ƙarin.

Wanda ke bakin ƙofa

Duk wannan daɗin na wanda ke ciki ne. Shekara da shekaru sharaɗin shiga layi shi ne mutum ya yi shekara biyu da rajistar zama a birnin, daga 2015 kuma aka ƙara fifita wanda ya daɗe. Baƙon da ya sauka jiya, ɗalibi ne ko lebura ko ɗan gudun hijira, kasuwa zai nufa, inda haya ta fi tsada, yarjejeniya kuma galibi ta 'yan shekaru ce, in ta ƙare mai gida ya sake yanka sabon farashi. Gidajen ƙungiyoyi su ma da yawansu sai an ajiye dubban Yuro na gudummawar gini kafin a karɓi makulli. Wato wanda ya fi kowa buƙata shi ne ya fi nisa da ƙofa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Ma'aikatan da aka ɗebo daga Turkiyya da Yugoslabiya a shekarun 1960, da yawansu leburorin gini, ba su da damar shiga gidajen birni muddin ba su karɓi takardar zama 'yan ƙasa ba. Su ne suka gaji tsofaffin ɗakunan famfon baranda. Sai a 2006, da dokar Tarayyar Turai ta tilasta, aka buɗe wa baƙi masu izinin zama na dindindin. Buɗewar ta zo da nata rikicin. Jam'iyyar FPÖ mai ƙyamar baƙi ta samu kasuwa a benayen da a da ko tambaya ba a yi kan wa za su zaɓa, a 2015 ta ci kusan kashi 31 cikin ɗari a birnin, ta kuma karɓe shugabancin gundumar ma'aikata ta Simmering.

Sannan an yi kuskuren lissafi. A ƙarshen shekarun 1980 jama'ar birnin ta ragu zuwa kusan miliyan ɗaya da rabi, kowa na ganin tsohon gari ne mai shanyewa. Sai katangar da ta raba Turai ta faɗi, yaƙin Yugoslabiya ya koro mutane, Tarayyar Turai ta faɗaɗa gabas, a 2023 aka sake haura miliyan 2. A tsakiyar wannan cikowa ne hukumar ta yi shekara goma sha biyar ba ta miƙa makullin sabon gida nata ko ɗaya ba. Magajin gari Michael Häupl ya sanar da komawa gini a 2015, ana dab da zaɓe, rukunin farko kuma, Barbara-Prammer-Hof, sai a 2019 aka buɗe shi: gidaje 120, haya Yuro 7.50 kan murabba'in mita, babu kuɗin ajiya. An ci gaba da gina wasu, amma 'yan dubbai ake magana, ba dubun dubatar zamanin Breitner ba.

Tsofaffin kuma suna tsufa. A 2021 ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya gano cewa hukumar ta sa wa kanta burin yi wa kowane bene babban gyara duk shekara 30, amma a tafiyar da take yi sai ya jira shekara 67. Ga alƙawarin da birnin ya ɗauka na daina ɗumama gidaje da gas kafin 2040, wanda ke nufin shiga dubban ɗakuna ɗaya bayan ɗaya a cire tukunyar ɗumama a sa wata. Da tsadar rayuwa ta taso, Ludwig ya dakatar da ƙarin haya a gidajen birni na 2024 da 2025. 'Yan haya sun yi murna. Sai dai tun zamanin Breitner daga haya ake fitar da kuɗin gyara, kuma benayen da aka gina a 1927 yanzu suna neman shekara ɗari.